Gonar masara da ciyawar tumaki a hanyar Ejisu: yadda aikin ke tafiya

9 ga Maris, 2025

Toh Alhamdulillah an samu filin. Eka biyu ne, a wani ƙauye gaba da Ejisu kaɗan in ka kama hanyar Juaben, mai ƙasar dattijo ne Ba-asante, mun yi da shi kan haya ta shekara ba abusa ba, don in ka shiga abusa kashi ɗaya cikin uku na amfanin nashi ne, kuma ni ciyawa zan shuka a wani gefe, ita ciyawa ta ina za a raba ta. Ni da ƙanina ne a aikin, sai kawunmu da ya yi noma a Ejura shekaru da yawa kafin ƙafa ta zaunar da shi gida, shi ne mai ba da shawara.

Abun da ya sa na shiga wannan abu ba masarar kaɗai ba ce. Duk wanda ya san unguwanninmu na Aboabo da Asawase da Sabon Zongo a Kumasi ya san kusan kowane gida akwai tunkiya ko akuya ɗaure a bayan ɗaki, amma a cikinmu wa ke shuka abun da za su ci? Babu. Ɓawon rogo da ɓawon burodiye, wato ayabar dafawa, daga wajen masu daka fufu, dusa daga inji, sai yara su ɗau lauje su bi bakin kwata suna yanko ciyawar da ruwan datti ya raina. In hunturu ya shigo daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa ko wannan ɗin babu, dabba ta rame haƙarƙari a waje, sai ka ji mutum na cewa wai ciwo ne ya kama ta alhali yunwa ce tsagwaronta. Shi ya sa na ware rabin eka na ciyawa zalla, eka ɗaya da rabi na masara, kuma karan masarar ma da lissafinshi.

An fara sassabe, da azumi a baki ba a iya wuce ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Filin cike yake da ciyawar Acheampong, ga tofa a gefen gabas. Na hana a sa wuta. Leburorin sun so su cinna don aiki ya yi sauƙi amma na ce a sare a bar ta kwance, ita ce za ta rufe ƙasa ta riƙe laima, ƙasar nan ta kudu in ka tsiraita ta ruwan Mayu da Yuni sai ya wanke saman ya tafi da shi rafi.

22 ga Maris

An yi ruwa mai ƙarfi shekaranjiya, jiya maƙwabcinmu na gona har ya shuka. Ƙanina ya matsa wai mu ma mu shuka kar a bar mu baya, Kawu ya ce mishi "kai yaro, ruwan fari na kwantar da ƙura ne ba na iri ba". Gaskiyarshi. A nan yankin Kumasi damina biyu gare mu, babba daga wajen ƙarshen Maris ko Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, amma ruwan Maris ba a yarda da shi, zai iya saukowa yau ya ɗauke sati biyu, irin ya tsiro rana ta ƙone shi ka koma sayen wani. Mu dai za mu jira a jera ruwa biyu uku, sai ka tona ƙasa ka ga laima ta kai tsawon tafin hannu ko fiye.

Maganar iri. Obatanpa na saya, farar masara, wadda cibiyar binciken amfanin gona ta Fumesua ta fitar a 1992, ga ta nan bakin hanyar Accra kullum muna wucewa ta gabanta in za mu gona. 'Yan uwanmu na Najeriya ita suka sani da Sammaz 14. Tana kai kwana 105 zuwa 110 kafin ta nuna, sinadarin gina jikinta ya fi na masarar da muka saba inganci, shi ya sa ake sonta wajen kokon yara da abincin kaji. Abun da ya ƙara ja na gare ta shi ne ba haibirid ba ce, wato irin haɗi na kamfani, za ka iya ɗibar iri daga tsakiyar gonarka ka sake shukawa damina biyu ko uku kafin ka sabunta. Haibirid ya fi ta yawan amfani in ka ba shi taki yadda yake so, ban musa ba, amma kowace shekara sai ka sayi sabo kuma in taki ya gaza bai yafewa.

Don Allah kar a ɗebo masarar ci daga kasuwa a ce iri ne. A je wajen masu saida kayan noma a sayi na cikin leda mai tambari, kuma ko shi ɗin a gwada. Na ƙirga ƙwaya 100 na jera a tsumma mai laima na naɗe na ajiye a inuwa, kullum ana yayyafa ruwa. In 85 ko fiye suka tsiro iri ya yi, in ya yi ƙasa sosai a mayar wa mai shago tun kafin a zuba kuɗin lebura a kai.

5 ga Afrilu

Barkanmu da Sallah. Irin gwaji ya wuce 85 ɗin, ruwa ma ya jeru a satin nan, yau aka yi shuka.

Da igiya muka yi, layi layi. Tsakanin layi da layi santimita 80, tsakanin rami da rami 40, ƙwaya biyu a rami, zurfin kaman santimita 5, in an rufe a taka da ƙafa kaɗan don kurege da fakara. Mun yanka sanduna biyu, doguwa da gajera, kowa ya riƙe nashi awon, ba ruwanka da tef. Leburorin dai ba su so igiya ba wai tana ɓata lokaci, sun saba da sara nan sara can a watsa huɗu biyar a rami ɗaya. Amma ku yi lissafin da kanku: da wannan tazara eka ɗaya tana ɗaukar rami sama da dubu goma sha biyu, wato tsiro wajen dubu ashirin da biyar, kuma iri kilo 9 zuwa 10 ya ishe ta. Shukar sara nan sara can ba ta kai wannan adadi, ga wuri a banza ciyawa na cinyewa, ga biyar a rami ɗaya suna kokawa kan abinci kowacce ta fito siririya da ɗan goyo. Sannan ranar sa taki da feshi ne mutum zai gode wa layi.

Wani abu kuma, ban fesa atirazin ba ko da yake kowa a ƙauyen shi yake fesawa bayan shuka. Maganin yana aiki ba ƙarya, amma yana kashe mai faɗin ganye kuma yana jimawa a ƙasa, ni kuma ina da niyyar sa dangin wake a filin nan. Wanda masara zalla yake so wannan ruwanshi, mu dai fartanya da adda za su yi.

13 ga Afrilu

Tsiro ya fito kyau, layuka sun bayyana. Gefen da ke kusa da kurmi ne kurege ya tone, an cike gurbin yau. Ciko in ya wuce sati da 'yan kwanaki ba shi da amfani, manyan za su rufe ƙananan da inuwa.

Yau kuma aka dasa ciyawar giwa, wadda malaman gona ke kira Nafiya. Ba iri ake shukawa ba, karanta ake yankawa, wanda ya ƙosa ba ɗanye sharaf ba, kowane yanki da gaɓa uku, a soke shi a karkace gaɓa biyu cikin ƙasa ɗaya a waje, idon na kallon sama. Layi mita ɗaya, tsakani rabin mita. Mun zuba kashin kaji da ya ruɓe a layin kafin dashe, aboboya biyu, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, muka kawo daga wata gonar kaji, abun da Kumasi ba ta rasa ba kenan. Sabon kashi mai zafi kar a kusanta shi da tsiro, ƙonewa zai yi.

Mutanen ƙauyen da suka wuce suna ta tsayawa kallo, wata tsohuwa ta tambaye ni da Tuwi, yaren Asante, wai ciyawar da suke biyan kuɗi a kashe ita nake dasawa? Na ce mata eh Maame, tumaki gare ni a gari. Ta gane nan take, don ita ma ta san yadda daji ke zama a Janairu.

A iyakar filin mun kafa sandunan gilirisidiya, bishiyar nan da masu koko ke sawa don inuwa. Sanda kawai kake sokawa ta kama. Shinge ne, kuma ganyenta abinci ne mai gina jiki sosai ga tumaki da awaki, sai dai a bar shi ya yi yaushi kafin a ba su don ɗanyen yana da wani wari da ke sa su ƙi.

20 ga Afrilu

Takin farko, sati biyu da shuka. NPK 15-15-15, buhu biyu mai kilo 50 a kowace eka. In ka raba wa ramukan yana kamawa wajen giram 8 ke nan, murfin robar ruwa ɗaya cike. Ba watsawa ake ba, a huda rami da sanda ɗan nesa da gindin kaman faɗin yatsu uku huɗu, a zuba a rufe. Aiki ne mai cin baya wallahi, amma da tsadar da taki ya yi ban ga dalilin da mutum zai watsa shi a sama ruwa ya kwashe ba. Noman fari ma an gama kafin takin, ba za mu ciyar da tofa ba.

1 ga Mayu

Tsutsar nan mai cin masara, wadda ake kira fall armyworm da Turanci, ta iso. Na san za ta zo, tun 2016 da ta shigo Afirka ta Yamma daga nahiyar Amurka, 2017 ta yi ɓarnar da manoman Gana ba za su manta ba, babu daminar da ake tsallake ta.

Da sassafe nake shiga dubawa raɓa ba ta bushe ba. Alamar farko ganye ne za ka ga an kankare shi ya zama fari-fari haske na ratsawa amma bai huje ba, wannan ƙananan ne, kuma lokacin ne magani ke cin su. In ka buɗe ƙoƙon masarar ka ga kashinsu tare kaman garin katako, toh ta girma ta shige ciki. Na zaro ɗaya na ɗora a tafin hannu na nuna wa ƙanina, a kanta akwai zane fari mai reshe biyu, a kusa da wutsiya ɗigo huɗu baƙaƙe a jere murabba'i, da waɗannan ake bambanta ta da tsutsar kara da muka sani tun da. Ƙwan kuma a bayan ganye uwar ke sa su, dunƙule guda da wani gashi-gashi toka-toka a kai, in ka gani ka murtsuke da yatsa ka huta da ɗaruruwa.

Malamin gona na gundumar ya nuna mana yadda ake awo: ka tsaya wuri biyar daban daban a cikin gonar ba bakin hanya ba, kowane wuri ka duba tsiro goma. In masara na ƙarama kuma ɗaya cikin biyar ya kamu, a yi magani. Namu ya kai. Mun fesa mai sinadarin emamektin da yamma liƙis, don da rana tana ɓoye sai dare take fitowa ci, kuma bakin famfon a saita shi cikin ƙoƙon kai tsaye, feshin saman ganye asara ce. A layukan gefe Kawu ya sa an zuba toka gauraye da yashi a ƙoƙon, ɗan tsunkule, wasu kuma ruwan 'ya'yan dogon yaro da aka daka aka jiƙa ya kwana. Zan ga bambancin.

Abun da ya dame ni shi ne yadda na ga yaran ƙauye na feshi, ba takalmi ba ƙyalle a hanci, singileti kawai, wani ma da hannu yake motsa maganin a bokiti. Na yi musu magana. Sannan mu masu dabba mu kiyaye, ciyawa ko ganyen masarar da aka fesa wa magani ba a kai wa tumaki sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba sun cika. Na gaya wa yaran gida kar wanda ya yanko komai daga cikin masarar yanzu.

14 ga Mayu

Sabon ganye na fitowa lafiya ba huji. Inda aka sa toka ya taimaka amma bai kai na feshi ba, na dogon yaro yana tsakiya, sai dai shi sai an maimaita in ruwa ya wanke. In za a sake feshi zan canza sinadari, ba a nace wa guda ɗaya tsutsar ta saba da shi.

An yi maimai, an sa taki na biyu, masara ta kai gwiwa ta wuce. Salfa na amoniya buhu ɗaya a eka shi mutane suka saba da shi a nan. Ni yuriya na sa, rabin buhu, don ƙarfinta ya ninka, ita kashi 46 cikin ɗari ce ta naitirojin shi kuma 21, ga shi salfa na ƙara wa ƙasa tsami in an daɗe ana sawa. Sharaɗin yuriya ɗaya ne, a binne ta cikin ƙasa mai laima, in ka bar ta a sama iska ce za ta sha.

Na so in shuka wake mai yaɗo tsakanin layuka yanzu saboda harawa, Kawu ya hana. Ya ce "ɗana, a ina za ka shanya harawa a Kumasi cikin Yuli?" Kuma haka ne, ruwa da laima za su sa ta yi baƙi ta yi funfuna ganyen ya zube, ga ƙwari. A Arewa damina ɗaya ce kana girbi rani na shigowa, a nan ba haka ba ne. Wake da gyaɗar harawa sai ƙaramar damina, a shuka a Satumba a cire ƙarshen Nuwamba hunturu ya busar maka kyauta. Na bar shi sai lokacin.

8 ga Yuni

An yi Babbar Sallah lafiya, Allah ya karɓi ibada ya maimaita mana. Ciyawata ba ta riski ragunan bana ba, da ma ban sa rai ba. Amma satin nan ya ƙara min ƙarfin gwiwa, kowa ya ga yadda aka yi ta rububin dusa da ciyawa a Zongo da manyan ragunan Burkina da Nijar suka sauka, ɗan ƙullin ciyawa da yaro zai riƙe a hannu ɗaya sai da ya yi kuɗi. Shekara shekara haka muke yi, mu sayi dabba da tsada sannan mu fara neman abun da za ta ci.

Masara ta fid da kai tun ƙarshen Mayu, gemu ya fito, goyo na kamawa. Wannan sati biyu uku ɗin su ne masu hatsari, in ruwa ya yanke lokacin fure ƙwaya ba ta cika. Alhamdulillah ana samu. Na hana a fige ganyen ƙasa a kai wa dabbobi, mutane na yi, amma ganyen nan shi ke cika goyon.

6 ga Yuli

Yankan farko na ciyawar giwa. Ta kai ƙirjina, mita ɗaya da ɗan abu, kuma nan ne daidai. In ka bar ta ta fi mutum tsawo za ka ga yawa ka ji daɗi amma kara ne, tumaki su tsince ganye su bar maka sauran. A yanka a bar kututture kaman santimita 10 zuwa 15, a mayar mata da taki, bayan sati shida zuwa takwas ta sake isa yanka muddin akwai ruwa. Mun raba filin kashi kashi don kar ta isa lokaci ɗaya.

Na kai aboboya guda gida, aka daddatsa da adda aka gauraya da yausasshen ganyen gilirisidiya, kaman kashi ɗaya na ganye kashi uku na ciyawa, don ita ciyawar giwa cika ciki take yi, gina jikinta kaɗan ne. Kaɗan kaɗan muka fara ba su tare da abun da suka saba, canjin abinci farat ɗaya na kawo zawo da kumburin ciki. Ranar farko sun shinshina sun juya, rana ta biyu ba su bar komai a kwano ba. Hajiyar gidanmu ta fito ta tsaya tana kallo ta ce "toh, a sa min nawa a lissafi", awakinta uku.

Ragowar kuma muka yi sailej, wato ɗanyar ciyawa da ake rufewa ba iska ta yi tsami ta daɗe ba ta lalace ba, tunda busarwa ba ta yiwuwa yanzu. Shuɗin durom na roba mai murfi da zobe. An bar ciyawar ta sha iska rabin yini, aka datsa ƙanana kaman gaɓar yatsa, in ka matse a hannu ta dunƙule amma ruwa bai ɗiga ba toh ta yi. Ana zubawa ana barbaɗa dusar masara ƙanina na ciki yana tattakawa, har ya cika maƙil, aka sa leda aka rufe gam. Duk sirrin kar iska ta shiga. Sati uku zuwa huɗu ya nuna, amma ba zan buɗe ba sai ɗaya na gwaji, sauran na Janairu ne.

20 ga Yuli

Ɓawon goyo ya bushe, na ɓare ƙwaya na ga baƙin ɗigon nan a gindinta, masara ta nuna. Ƙarshen satin nan za mu karya in Allah ya yarda, ba za a bar ta a gona ba don gyazbi ya fara shiga ta gefen rafi kuma ruwa bai ɗauke ba tukun.

Damuwata yanzu shanya. Masarar babbar damina a nan kudu wahalarta kenan, in ta kwana a ƙasa da laima sai funfuna, shi ke kawo gubar afulatoksin da ke lalata hanta, kuma ruɓaɓɓiyar ba a ce a ba dabba ko kaji, su ma tana cutar da su. Na tanadi tampol biyu, an gyara rumbun katako mai iska a ɗaga daga ƙasa, sai ta bushe ƙwaya na fashewa ƙaras a haƙori, wajen kashi 13 cikin ɗari na laima, sannan ta shiga buhun PICS, mai leda a ciki da iska ba ta shiga, ba tare da magani ba. Karan za mu sare rabi a jingine a rumfa don dabbobi, rabi a bar wa ƙasa.

Ƙaramar damina gajera ce, Obatanpa za ta yi mata tsawo in an makara, Omankwa nake nema mai kwana 90 ko Abontem da ta fi ta sauri, eka ɗaya, sai rabin eka wake mai yaɗo. Mai ƙasar ya ce akwai wani fili gefen rafi da zai iya ƙara min, Laraba za mu je mu duba ko ruwa na kwanciya a wurin, don ciyawar giwa tana son laima amma ba ta son ƙafarta cikin ruwa.